Peugeot 307: waifa na tashi da kanta, batir na kwana ya mutu. In canja BSI?

Ɗan Gesse:

Assalamu alaikum. Masana wutar mota, ku ba ni shawara kafin in zubar da kuɗi. Motata Peugeot 307 ce ƙirar 2006, injin fetur 1.6, giyar hannu. Tun wani ruwa mai ƙarfi da aka tafka mana nan Birnin Kebbi mako biyu da suka wuce ta ɗauko wasu halaye. Ina cikin tafiya sai waifa ta tashi da kanta, fitilun gaba su kama da rana tsaka. In na danna rimot, ƙofofi su kulle su sake buɗewa nan take. In ta kwana, da safe batir ya yi sanyi, sai an tura ko an jona da na wani. Allon tsakiya yana rubuta "Economy mode active", rediyo ya ɗauke. Sau biyu kuma kik ya juya lafiya amma ta ƙi tashi, bayan minti goma ta tashi kamar ba ita ba.

Mai wayarin ɗina ya ce ƙwaƙwalwar ciki ce, wadda ake kira BSI, ta tafi. Ya samo wata 'yar Baljiyam daga Kano, ya ce cirewa da sakawa ne kawai. Ta yaya zan tabbatar ita ce ba wani abu ba? Kuma da gaske ne ana cire tsohuwar a ɗora wata, mota ta tashi?

Mai Wayarin Gusau:

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da ta biyun don ita ce mai gaggawa: ba cirewa da sakawa ba ne, kuma kada ka yarda a jona ta ko da sunan gwaji. Abin da Peugeot ke kira BSI shi sauran kamfanoni ke kira BCM, wato kwamfutar da ke kula da fitilu, waifa, kulle ƙofa, gilasai da sigina. To a 307 aikinta ya wuce nan. Lambar sirrin makulli tana cikinta, kuma sai ta yi daidai da wadda ke cikin ƙwaƙwalwar inji kafin inji ya yarda ya tashi. Ka ɗora ta wata mota, kik zai yi ta juyawa har batir ya ƙare a banza. Akwai kuma ɓarnar da ba a lura da ita sai daga baya. Kilomitar mota tana rubuce a BSI da kuma agogon dashbod, in suka haɗu wadda ta fi yawa ake ɗauka. In 'yar Baljiyam ɗin ta fito daga motar da ta fi taka shan hanya, agogonka zai haura, kuma ko ka mayar da tsohuwar ba zai sauko ba.

Sai ta farkon. Rabin abin da ka lissafa, batir mai rauni shi kaɗai yana kawo su, don haka daga nan ake farawa. Mitar awon wuta ta dijital ta wadatar.

Ka bar motar a kashe ta huta kamar awa ɗaya, ka auna kan batir. Bolt 12.6 cike yake, 12.2 rabi ne, ƙasa da 12 fanko ne. Wani ya yi kik kana kallon mita: kada ya faɗo ƙasa da 9.6. Inji na aiki ka ga tsakanin 13.5 da 14.7. In ya haura 15, altaneta na caji fiye da ƙima, kuma irin wannan ne ke ƙona kwamfutocin mota ɗaya bayan ɗaya. Ka kuma juya mita zuwa AC, wato awon wuta mai kai-komo, inji na aiki. In ka ga rabin bolt ko fiye, akwai diyod da ya mutu cikin altaneta, shi ma yana zuƙe batir da dare, a zo a ɗora wa BSI laifi.

Bayan nan as, wato wayar nagetib da ke ɗaure a jikin mota. Inji na aiki, fitilu da fanka a kunne, ka ɗora bakin mita ɗaya a kan dalmar batir ita kanta, ɗayan a ƙarfen bodi mai tsabta, sannan a jikin inji. Kada ya wuce bolt 0.2. In ya wuce, ka kwance, ka goge da samfefa har ƙarfe ya yi haske, ka ɗaure tamau.

Rubutun "Economy mode" kuwa ba ciwo ba ne. BSI ce ke yanke rediyo da sauran ƙananan abubuwa in an daɗe ana shan wuta inji a kashe, don a bar abin yin kik. Yana gogewa da kansa in inji ya tashi ya yi ɗan aiki.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ka ce bayan ruwa abin ya fara. BSI ta 307 tana ƙasan dashbod ta hannun hagu, haɗe da akwatin fiyus na ciki. Ka cire murfin, ka cusa hannu ƙarƙashin kafet, ba samansa ba. Zafinmu na nan yana busar da saman kafet cikin yini ɗaya, amma soson da ke ƙasa yana riƙe ruwa har makonni. Ka haska soket-soket ɗin da tocila, ka nemi kore-kore ko farin gari a ƙafafunsu. Hanyar ruwan galibi uku ce: magudanar da ke ƙarƙashin robar waifa ta toshe da ƙurar hunturu da ganyen dogon yaro, ko an taɓa canja gilashin gaba gam bai kama ko'ina ba, ko magudanar rufi in motar mai buɗaɗɗen sama ce. Mutum ɗaya ya zuba ruwa da buta a gindin gilashi, ɗaya yana kwance a ciki da tocila, za ku ga inda yake ɗigowa.

Na ƙarshe, satar wutar dare. Ka sa mita a ramin amfiya 10, ka jona ta tsakanin kan nagetib na batir da wayarsa. Kada a murɗa makulli a haka, fiyus ɗin mita zai tafi. Ka bar ƙofar direba a buɗe amma ka danna harshen kubarta da sukundireba don BSI ta ɗauka a rufe take, ka jira minti 20 zuwa 30 komai ya yi barci. Lafiyayyar mota ba ta wuce miliam 50. In ta wuce, kada ka fara zare fiyus ɗaya-ɗaya, duk zarewa da mayarwa yana tada BSI daga barci ya ɓata maka lissafi. Akwai ƙananan ƙarafa biyu a bayan kowane fiyus, ka auna tsakaninsu a milibolt. Wanda ya nuna wani abu sama da sifili, ta nan wuta ke bi. Kuma ka fara da abin da ba kamfani ya sa ba: tiraka, ƙararrawar ɓarayi, rediyon Android.

Na Kabi:

Oga na Gusau ya gama magana ta fannin wuta da ruwa. Ni abin da zan ƙara, wanga hali na waifa da fitila su tashi tare ba hauka ba ne, haka anka gina motar. Sandar waifa ba ta da waya kai tsaye zuwa motar waifa. Umarni shina fita daga akwatin sandunan sitiyari, wanda ake kira COM2000, shi je BSI, BSI ta aika wa akwatin fiyus na cikin bonet, wato BSM, shi ne mai rilen da ke ba waifa da fitilun gaba wuta. In magana ta yanke tsakanin BSI da BSM, sai BSM shi kunna ƙananan fitilun gaba da waifa da kanshi, don kada direba shi makance cikin ruwa da dare. Ke nan abin da motarka ke gaya maka shi ne saƙo na yankewa a hanya. Ko BSI ce, ko soket, ko waya, ko BSM ɗin kanshi. Huɗu ne ake zargi, mai wayarinka ɗaya kaɗai ya kama.

A duba BSM da kyau, don shi ruwan wankin inji ke fara samu. Kuma a wasu motocin Peugeot da Citroën, famfon ruwan wanke gilashi in ya fara yoyo, ruwan na bin cikin waya kamar lagwani har shi kai soket ɗin BSM. Rilen famfon mai ma can yake. Ranar da ta ƙi tashi, ka murɗa makulli ka saurari bayan mota: in ba ka ji kukan famfo na ɗan lokaci ba, ka san inda za ka dosa.

Kulle da buɗewa nan take kuwa, sau da yawa BSI gaskiya take faɗi: an gaya mata akwai ƙofa buɗe. Makunnin da ke sanar da ita yana cikin kubar ƙofa, in ya lalace ko ya sha ruwa sai shi yi ta ba da labarin ƙarya, kuma shi hana ta barci, batir shi mutu. Haka wayoyin da sunka bi ta cikin robar nan tsakanin ƙofa da bodi, da ta but, suna karyewa a ciki saboda buɗewa da rufewa. A janye robar a ja kowace waya a hankali.

Duk wanga ba a rabe shi sai da sikana, wato na'urar karanta kwamfutocin mota, mai shiga BSI. 'Yar ƙaramar ELM327 da ake haɗawa da wayar hannu inji kaɗai take karantawa, za ta ce maka babu matsala. A nemi mai Lexia 3 da manhajar Diagbox ko PP2000, ko babbar Launch ko Autel. Kuma ba karanta lambobin matsala a goge ba ne aikin. A shiga inda BSI ke nuna abin da take gani kai tsaye, a buɗe ƙofa ɗaya-ɗaya a ga ko rubutun na canjawa, a motsa sandar waifa a ga ko ta ji. Sannan a ba da umarni daga sikana: kunna waifa, kulle ƙofa. In BSI ba ta ga an taɓa sanda ba, matsala na gabanta. In ta gani, ta ba da umarni, abin bai motsa ba, matsala na bayanta. In ta gani daidai, wuta da as nata lafiya, waya lafiya, amma ta ƙi ba da umarni ko tana bayarwa ba a tambaye ta ba, to nan ne anka kama ta.

Awo ɗaya kuma: batir a cire, mita a om, tsakanin ƙafa ta 6 da ta 14 na soket ɗin sikana. Om 60 ake so. Akwai rezisto mai om 120 guda biyu a layin CAN, wato wayoyin da kwamfutocin mota ke magana da juna ta cikinsu, ɗaya cikin ƙwaƙwalwar inji, ɗaya cikin BSI. In ka ga 120, ɗaya ta fita daga layi. In kusa da sifili, wayoyin sun haɗe. Amma wagga hanya layin inji kaɗai take nunawa, layin bodi mai ɗauke da saƙon waifa daban yake, ba a auna shi haka.

Bakanike Jega:

Kafin kowa ya taɓa soket, a san yadda ake cire batir a motar nan. Ka sauke gilashin direba, ka buɗe bonet, ka kashe komai, ka zare makulli, ka rufe ƙofofi ba tare da kullewa ba, ka jira minti 3 cur ba ka taɓa komai ba. Sannan ka cire nagetib. In ka mayar, kada ka buɗe ƙofa, ka ɗan jira, ka miƙa hannu ta taga ka kunna ƙananan fitilu, sannan ka murɗa makulli ba tare da kik ba, ka danne maɓallin kulle na rimot daƙiƙa 10. Wani lokaci wannan kaɗai yana dawo da ita hayyacinta in ruɗewa ce ba ruɓewa ba.

Kuma Malam, ka daina barin ana tada ta da batirin aro a cire shi inji na aiki a mayar da naka. Wannan da gwada altaneta ta hanyar cire kan batir, da yin walda batir na jone, su ne ke kashe BSI mai lafiya. Golf 3 da 504 sun yafe wannan, 307 ba ta yafewa.

Ɗan Gesse:

Allah ya saka da alheri, na hana a jona ta. Ga abin da muka samu yau. Batir 12.2 bayan hutu, 14.2 inji na aiki, as lafiya. Satar wuta amfiya 0.9 ko bayan rabin awa, ba ta sauka. Ƙafa 6 da 14 om 61. Soson ƙarƙashin kafet jiƙe yake sharkaf, magudanar gindin gilashi ta hagu cike da laka. Soket biyu na BSI sun yi kore, ƙafa ɗaya ta cinye saura ƙiris. Mai sikana ya ce ƙofofi huɗu da but duk suna nuna daidai, BSM a bushe yake. Mun wanke soket ɗin, waifa ta lafa, amma satar wutar tana nan. Oga, yanzu fa? Gyara ko canji?

Mai Wayarin Gusau:

Madalla, yanzu ana magana da hujja. Amfiya 0.9 cikin awa 12 kusan amfiya-awa 11 ke nan. Batir mai amfiya-awa 60 da ya riga ya kwana a rabi ba zai kai safe da ƙarfin kik ba. A cire shi a yi masa caji a hankali har ya cika, a gwada shi da lodi, don faɗuwar da ya sha ta iya cinye shi.

Ka fara da magudanar da soson. In ba a tare ruwan ba, kowace BSI ka sa haka za ta ƙare. A ɗaga kafet, a fitar da soson a shanya.

Tun da ruwa ya kai soket, ya shiga ciki. Kafin a cire ta, mai sikana ya shiga shafukan saitin BSI ya ɗauki hoton kowane ɗaya: irin inji, irin giya, irin AC, ABS ko ESP, rediyo, gilasai, lambar VIN (wato lambar shasi), kilomita. Minti goma ne, amma in ta mutu gaba ɗaya ba a ɗauka ba, sai an koma cika su da ka. A ɗauki hoton soket-soket a wurinsu, da jerin fiyus, har da mazaunin ɗan gadan nan mai kama da fiyus, mai alamar SH, don mazauni biyu gare shi, in aka sa shi a na ajiyar mota wasu abubuwa ba za su yi aiki ba.

A buɗe ta a kai wa mai gyaran fanel, irin masu gyaran ƙwaƙwalwar mota, ba mai rediyo ba. A wanke da sifirit na wanke fanel da tsohon buroshin haƙori mai laushi, ba fetur ba, ba tina ba. A busar sosai, a duba da gilashin ƙara girma. In koren a sama yake, layukan tagulla ba su yanke ba, ko rile ɗaya ne ya manne, tana gyaruwa. In ya shiga ƙarƙashin manyan IC ko ya ci ramukan da ke haɗa saman fanel da ƙasansa, kada ka wahalar da kanka, za ta yi mako biyu ta dawo da halinta. Ƙafar da ta cinye kuma a canja ta ɓangaren waya ma, a yanko soket mai kyau daga kwancen mota a haɗa da dalma, ba murɗawa da salatif ba.

In canji ya kama, hanya uku ce. Mafi sauƙi a wurinmu ita ce kwafe: a samo BSI mai lamba iri ɗaya, a karanta EEPROM ɗin tsohuwar, wato ƙaramin IC ɗin da ke ajiye bayanan motar, a ajiye kwafi biyu a kwamfuta, a rubuta shi cikin ta Baljiyam ɗin a kan tebur kafin ta taɓa mota. Lambar sirri, makullai, VIN, kilomita da saiti duk sun ƙaura, a ɗora mota ta tashi. Sharaɗin shi ne takardar jikinsu ta yi daidai: kamfanin da ya ƙera, doguwar lambar da ke farawa da 96, da zubin fanel. Ka lura da kyau, 307 ta kafin sabunta fuska ta 2005 tana amfani da tsohon layin saƙo na VAN haɗe da CAN, taka CAN ce zalla, ba sa musanya ko da akwatin ya yi kama.

Ta biyu, sabuwa dal ko wadda aka wanke ta koma kamar sabuwa. Wannan sai an shigar da VIN, a shigar da lambar sirri mai gurbi 4, a cika saitin daga hotunan nan, a koya mata makullai. Lambar sau ɗaya take karɓa, in aka yi kuskure ta zauna da kuskuren, sai an sake wanke ta. Duk makullan motar su kasance a wurin, wanda ba a kawo ba ya daina tada mota. A jona caja ko batir na biyu lokacin aikin, laftof ɗin ma da cajinsa, don in wuta ta faɗi a tsakiyar rubutu an yi asarar akwati.

Ta uku, saiti guda daga mota ɗaya: ƙwaƙwalwar inji, BSI da ƙwayar sirrin da ke cikin makulli. 'Yan Ƙofar Ruwa da Panteka sun fi son sayar da wannan. Yana tada mota, amma ka gaji VIN da kilomitar wani da lambar sirrin da ba ka sani ba, kuma dole injin ya zama iri ɗaya. Ni ba na ba da shawararsa sai tsohuwar ta ƙi karantuwa sam.

Bayan an ɗora, a goge lambobin matsala, a saita gilasai ta hanyar ɗaga kowane har ƙarshe a riƙe maɓalli 'yan daƙiƙu, a sake awon satar wuta. In bai sauko ƙasa da miliam 50 ba, akwai wani ɓarawon bayan ita.

Ɗan Gesse:

Na fahimta, Oga. Sai dai ba ni da katin lambar sirrin, a hannu na sayi motar, makulli ɗaya aka ba ni. Mai kayan kuma ya ce zai rage mini kuɗi in na bar masa tsohuwar.

Na Kabi:

Kada ka bar mashi ita, ko ta mutu. Lambar da kake nema tana cikin EEPROM nata, mai kwafewa shina iya fitar da ita daga nan ko daga ƙwaƙwalwar inji. Ka ce shi rubuta maka ita a takarda, shi tura maka fayil ɗin a waya. Dillalin Peugeot ma na iya nemo ta da VIN in ka kai takardun mota, sai dai in an taɓa canja saiti kafin ta zo hannunka, wadda za su ba ka ba za ta yi daidai ba, ta cikin akwatin ita ce tabbas. Tun da lambar za ta fito, ka sa a yanka maka makulli na biyu mai ƙwayar ID46 a koya su tare ranar guda.